Mu Leƙa Ɗambatta Cikin Hunturu

A wannan wata tafiyarmu ba mai nisa ba ce, domin kuwa nan arewa da birnin Kano za mu nufa, wato garin Ɗambatta, mu ga yadda hunturu yake sauka a ƙaramin gari irin na manoma.

Na san wata za ta ce, me ake gani a karkara yanzu in ban da ƙura da busasshen kara? Gaskiya ne, mai son ganin kore shar sai ta jira watan Agusta. To amma da damina gero da dawa suna rufe komai, ko gidan da ke gabanki ba ki hangowa. Sai an yi girbi an kwashe amfanin gona sannan ƙasa take buɗewa, ki ga abin da kowane gida ya tanada, da irin shirin da ya yi wa watannin da ba a ruwa. Wannan tanadi shi za mu je kallo, gani kuwa ya kori ji.

A kan hanya

Ki yi sammako, ki ɗauki mayafi mai kauri, ki sa wa yara safa da hular sanyi. Daga cikin birni za ki kama hanyar Katsina har Dawanau, inda babbar kasuwar hatsin nan take, daga nan sai mota ta ɗauki hanyar Kazaure da Daura. Idan hanya ta yi kyau tafiyar ba ta fi ta awa guda ba.

Abu na farko da za ki lura da shi shi ne rana. Ta fito amma kamar ba ta fito ba, don hazo ya dusashe ta, ta koma fara kamar wata, har kina iya kallonta ido da ido. Da ƙarfe 8 na safe direbobi na tafe da fitila a kunne, masu babur kuwa sun naɗe fuska da rawani, idanu kawai ake gani. Mafi yawan wannan ƙura baƙuwa ce. Masana sun ce tana tasowa ne daga wani ƙwari da ake kira Bodele a arewacin ƙasar Chadi, inda wani tsohon tafki ya ƙafe tun zamanin da, iskar arewa maso gabas kuma ta kwaso ta har kan taganki. Wata ma takan haye teku ta sauka a dajin Amazon da ke Kudancin Amurka. A ƙasar Kano hunturu yakan kankama daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma a Disamba da Janairu ma'aunin zafi kan sauko zuwa digiri 13 ko ƙasa da haka da asuba, alhali da rana ya haura kusan 30.

Abu na biyu, ki leƙa ta taga ki nemi daji. Da wuya ki same shi. Gona ce ke bin gona, an raba iyaka da gamba ko lalle, burtali kuma an yi masa shinge da aguwa don kada dabbobi su yi ɓarna. Kafin ki bar wannan ƙauye kin hango rufin kwanon na gaba. Wani Baturen Ingila mai suna Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ta Bayero a Kano, ya soma nazarin wannan yanki tun shekarun 1960. Abin da ya ja hankalinsa shi ne yadda jama'a suka yi yawa haka, ana noma gona ɗaya kowace shekara ba a barin ta ta huta, amma ƙasar ba ta mutu ba, itatuwa kuma suna tsaye a cikin gonaki. Amsar wannan tambaya tana nan a bakin hanya, za mu zo kanta in mun fita bayan gari.

Shiga gari

Kada mutanen Ɗambatta su ji kin ce musu ƙauye. Garin hedikwatar ƙaramar hukuma ne, kuma tun da aka ƙirƙiro jihar Jigawa a 1991 ya zama na bakin iyaka, don da kin wuce shi kaɗan kin shiga ƙasar Kazaure. Gari ne na Fulani Dambazawa, gidan da ke riƙe da sarautar Sarkin Ban Kano, ɗaya daga cikin masu zaɓen sarki. Marigayi Alhaji Mukhtar Adnan, wanda ya rasu a 2021, ya riƙe wannan sarauta fiye da shekara 60.

Bakin titi kamar na kowane gari ne: shaguna a jere, masu faci, masu cajin waya, masu sayar da fetur a galan, ga 'yan kamasho na kiran Kano, Kazaure, Daura. Sai dai hunturu ya shafa wa kowa hoda iri ɗaya. Kwanon rufi, gilashin mota, ganyen darbejiya, gashin idon mai rake, duk sun koma ruwan ƙasa. Mai kanti yana kaɗe kayansa da tsumma, kafin ya kai ƙarshen kanta farkon ya sake yin furu-furu. Saboda haka duk wani abu mai launi sai ya fito fili ya ɗauki ido, kamar atamfar 'yan mata masu tallar gyaɗa, da jan barkono da aka shanya a kan buhu, da tulin lemo da kankana a kan baro.

Ki bar titi ki shiga lungu, nan ne ainihin garin yake. Katangun ƙasa sun sha yaɓe, wasu kuma an tayar da su da bulo an bar tsohon zaure a yadda yake. Indararo sun leƙo daga kan soro ba su da aikin yi sai damina. Ki ɗaga kai ki dubi rufin ɗakuna da rassan itatuwa, za ki ga an jibge harawar wake da ta gyaɗa, an ɗaga ta sama inda bakin akuya ba ya kaiwa. Wannan harawa kuɗi ce a ajiye, domin in bazara ta yi, ciyawa ta ƙare ƙarƙaf, damin da ba a kula da shi yau sai ya yi tsada. A bakin kududdufi, inda ruwa ya ja baya, magina na kwaɓa ƙasa suna jera tubali a rana. Yanzu ne lokacin gini da gyaran katanga, tun da babu ruwan da zai rushe aikin, hannun manomi kuma ya sami sarari. Can gefe wani dattijo na saƙar zana da gamba, yara na miƙa masa.

Safiyar hunturu

In kina son ki san garin sosai, sai ki kwana. Da asuba sanyi yakan ratsa bargo, ruwan randa kuwa kamar an sa masa ƙanƙara, don haka aikin farko na uwargida shi ne hura wuta ta ɗora ruwan alwala ga maigida da tsofaffi. Hayaƙin kara ba ya tashi sama a irin wannan lokaci, sai ya kwanta a kan gari ya haɗu da hazo, ƙamshinsa ya cika ko'ina.

Idan gari ya fara wayewa ki tsaya a bakin zaure ki yi kallo. Ga almajirai sun kewaye wutar kara da allunansu suna karatu, wani ya cusa hannu ɗaya cikin riga, wani ya ja wuyan rigar ya rufe kunnuwa. Ga mai ƙosai ta kafa kaskonta a kwana, yara sun yi mata zobe da kwanukan koko, rabi don saye rabi don jin ɗumi. Teburin mai shayi ya cika, ana ta ƙwai da burodi da labarin farashin wake. 'Yan makaranta na wucewa fuska na ƙyalli da basilin, ƙafafu kuwa fari fat. Awaki sun lafe a jikin katangar da ke kallon gabas, kuma da rana ta ɗan ɗaga za ki ga dattawa sun fito da buzu da tabarma sun bi sahunsu, ana shan hantsi. Gaisuwar ma ta sauya, kowa ka gamu da shi sai ya ce, "Ya sanyi?" a amsa masa, "Lokacinsa ne."

Bayan gari

Da hantsi ki nemi wata 'yar gida ta raka ki bayan gari, don nan ne babban abin kallo. Gonaki sun zama fili fetal, kunyoyi sun bushe, sai guntayen tushiyar dawa. An tattara kara an ɗaure dami-dami an jingina a jikin itatuwa, daga nesa sai ki ce bukkoki ne. Ba a barin ko ɗaya ya lalace. Ganyensa na dabbobi ne, mai kauri a yi danga ko gadon kara, saura ya shiga murhu, tokar kuma ta koma gona.

Ki lura da jakuna da amalanken shanu da ke fitowa daga gari. Abin da ke cikin mangalar nan taki ne, wato kashin tumaki da awaki da toka da sharar tsakar gida da aka tara tun bara. Manomi zai bi gonarsa yana zubawa tsibi-tsibi a jere, su zauna nan har ruwan farko ya sauka a baje su. Wannan ita ce amsar tambayar Baturen nan. Akuyar da uwargida ta ɗaure a turke ta ci harawa da dusa, ta ba da taki, taki ya koma gona ya ba da gero da wake da wata harawar. Don haka sharar da kike yi kowace safiya, a nan tana da daraja, har akan saye ta. A wasu gonakin kuma za ki tarar da Fulani sun sauka da shanunsu suna kiwon abin da ya rage, mai gona na murna don sun bar masa taki.

Sai itatuwa. Kuka ta zubar da ganye ta tsaya tsirara da 'ya'yanta na reto, ganyen nata kuwa tuni yana cikin buhu a ɗakin uwargida, an shanya an daka don miya. Mangwaro ya fara huda. Ɗorawa na jiran ƙarshen sanyi ta fitar da jajayen tutunta, daga nan a sami kalwar daddawa. Ga tsamiya, ga kanya, ga goriba can wajen fadama. Amma wanda zai fi ba ki mamaki shi ne gawo. Lokacin da kowa ya bushe shi ne yake kore shar, da damina kuma, sa'ad da kowa ke ganye, sai ya kakkaɓe nasa. Saboda haka ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen da ya zubar ya zama taki, dabbobi su sha inuwarsa da rani su ci 'ya'yansa. Kowane manomi ya san geron gindin gawo ya fi na sauran gona kyau.

Kowace bishiya da kike gani a nan tana da mai ita, kuma a al'ada reshe ake sassarewa a bar uwar. Sai dai buƙatar itace da gawayi a birni tana ƙaruwa, in kin lura a hanya za ki ga lodinsu na nufar Kano. Ranar da talauci ya sa manomi ya sayar da gawon gonarsa, kuɗin ba zai kai wata ba, wanda zai maye gurbinsa kuwa sai an yi shekaru ana jira. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun ɗanɗana wannan, shi ya sa tun shekarun 1980 suka koma barin tohon itace a gona suna renonsa, har ƙasarsu ta sake yin itatuwa. Mu da muke sayen buhun gawayi a birni ya kamata mu san daga inda yake fitowa, mu kuma rage ɓarnarsa.

Inda kore ya ɓuya

Kada ki koma ba ki je madatsar ruwa ta Tomas ba, wadda aka gina a shekarun 1970, tana nan kusa da gari. Bayan idonki ya gaji da ruwan ƙasa, sai kawai ki ga fili kore kamar an shimfiɗa darduma. Masu noman rani ne da albasa da tumatir da tattasai da alkama. Sanyin da muke kuka da shi, mai alkama addu'a yake ya daɗe, domin alkama ba ta yin kyau sai da shi, shi ya sa ake shuka ta a Nuwamba ko farkon Disamba a girbe wajen Maris. Da safe tururi na tashi daga kan ruwa, masunta na turo kwalekwale, balbelu sun yi fari a bakin gaɓa. A wannan yanki ne kuma Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako take. In tumatir ya yi yawa ya faɗi a kasuwa, sai a yanka shi a shanya, iskar hunturu ta busar da shi cikin 'yan kwanaki ya zama kauɗa.

Ranar Lahadi

Kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi take ci, kuma ta yi suna wajen dabbobi. Tun da safe hanyoyi ke cika da masu jan shanu da raguna, ƙurar kofato ta haɗu da ta sama, dillalai na ta ciniki, manyan motoci na lodi zuwa Kudu. Da yawa daga awakin nan na mata ne, an ba ɗa ko ƙane ya kai, za a sayar a yi kayan ɗakin 'ya ko kuɗin makaranta.

Ke dai ki nufi layin kayan miya. Yanzu ne lokacin sayen kuka da busasshiyar kuɓewa da zoɓo da barkono da daddawa, ga wake da gyaɗa da riɗi sababbi. Ki saya wa yara rake da dankali da goriba da magarya. Layin da ya fi cunkoso kuwa shi ne na 'yan gwanjo, inda za ki ga uba na gwada rigar sanyi a ƙirjin ɗansa, ya zaɓi mai ɗan girma don ta kai baɗi, ya juya ta ciki da waje kafin ya taya.

Cikin gida

Idan kin shiga gaida matan gida ba za ki same su a zaune ba. Wata na sussuka, wata na shiƙa tana juya wa iska baya, wata na tuyar ƙuli-ƙuli, wata na ɗinkin hula ko saƙar faifai a inda rana ta faɗo. Tafin hannu ya yi kaushi, dunduniya ta yi faso, maganin kuwa man kaɗanya ne ko man shanu da daddare. Lokacin bukukuwa ne kuma, tun da amfanin gona ya zo gida, kusan kowane mako ana kai amarya.

Amma ki tambayi ina mazan gidan. A gidaje da dama za a ce miki sun tafi ci-rani, wani Kano, wani Abuja, wani Legas, sai ruwa ya kusa sauka su dawo. Tafiyar tasu tana rage bakin da ke cin abin da ke rumbu, ta kuma kawo 'yan kuɗin taki da sutura. Wadda aka bari da riƙon gida ita ce uwargida. Ita ta san mudu nawa za a ɗiba yau, ita za ta hana a sayar da hatsi da arha don hidimar biki a zo ana sayensa da tsada da damina. Hatsin da aka girbe a Oktoba dole ya kai iyali har sabon gero ya nuna, kuma wannan lissafi a kanta yake ba a takarda ba. Ki zauna ki saurare ta, za ki ƙaru.

Dare

Da magariba hazo yakan yi ja, sannan duhu ya rufe da wuri. Tituna na yin shiru tun bayan isha'i, sai wutar mai tsire da ta mai shayi. A nan ne hunturu yake nuna bambanci tsakanin mai shi da mara shi. Wani yaro na cikin bargo, wani kuma na kwance a zaure kan tabarma da riga ɗaya. Tsofaffi da jarirai su suka fi jin jiki, tari da ciwon haƙarƙari ba sa yi musu da sauƙi.

A nan ne kuma haɗarin yake. Gari cike yake da kara da harawa da zana, komai ya bushe ƙayau, ga iska. Tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye tanadin shekara guda, shi ya sa kowace shekara hukumar kashe gobara ta jihar Kano take jan kunne a wannan lokaci. Kaskon gawayi a ɗaki rufaffe shi ma makashi ne, don yana fitar da iska mai guba wadda ba a gani ba a kuma jin warinta. A ɗumama ɗaki, a fitar da kasko, a kashe wuta da ruwa kafin a kwanta. Wannan gargaɗi har da mu na birni masu barin hita a cikin bokiti.

To 'yar'uwa, in kina da dangi a Ɗambatta ko Makoɗa ko wani gari irinsu, kada ki ce sai sanyi ya wuce, zumunta a ƙafa take. Kafin ki tashi ki buɗe akwati ki fito da rigunan sanyin da yaranki suka fi ƙarfinsu, da bargon da ba a amfani da shi, ki haɗa da man shafawa da sabulu. Ki tambayi matan gidan wa ya fi buƙata, sun san tsohuwar da ba ta da kowa da makarantar allon da ke bayan gida. Ki tafi da yaranki su ga inda tuwo yake fitowa, su ga gawo da idonsu. In za ki dawo kuwa ki bar wuri a mota, don ba za su bar ki ki taho hannu sake ba, ko ba komai za ki sami ƙullin kuka da daddawa.

Allah ya ba mu wucewar sanyin nan lafiya, ya tsare mu daga gobara, ya kai mu damina mai albarka. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.